Gaisuwar da Na Hana a Yanke daga Na'urar Likita

Shekarar da aka kawo na'urar, autana ya riga ya shiga lakkwal, wato makarantar boko, don haka safiyata ta zama tawa. Ranakun awo nakan je likitar unguwarmu, ƙaramin asibitinmu na nan Dakoro, in taimaka wa majo, shugabar ma'aikatan wurin, wajen jera mata da ɗora jarirai a sikeli. Ba aikin albashi ba ne. Ina son ƙamshin kan jarirai, kuma zaman gida ni kaɗai da kaji bai taɓa yi mini daɗi ba.

Na'urar akwatin ƙarfe ce, tsayinta ya kai ƙirjina, fuskarta gilashi kamar ta babbar tele. A rumfar jira aka kafa ta, aka ja mata waya daga faranti mai ɗibar hasken rana da ke kan rufi. Hotuna huɗu ne a fuskarta: mace mai ciki, jariri, gidan sauro, da tukunya. Wanda ka taɓa da yatsa, bidiyonsa ya fito ya yi maka bayani. Uku sun zo da nasu tun daga babban birni. Tukunyar ce babu komai a bayanta, ana neman wadda za ta nuna yadda ake dama kunun yaye da abin da muke da shi a gida, gero da wake da gyaɗa.

Majo ta ce ni za ta ba. Na yi kolej har aji huɗu, ina karanta faransanci, kuma a cewarta muryata ba ta korar mutane. Ban yi mata gardama ba, saboda wani abu da ita ma ta sani. Ɗiyata ta fari a yaye ta rame, gashinta ya yi ja, ni kuwa ina ta ɗura mata farin kunu tsararo don shi na gani ana yi, duk karatuna bai gaya mini komai ba. Allah ya karɓi abinsa tana da shekara biyu da ƴan watanni. Tun daga nan ba na iya ganin yaro mai jan gashi in wuce.

Maigida yana fataucin hatsi tsakanin Kornaka da Maradi. Da na gaya masa sai ya ce ya yarda, amma hannu da murya kawai, ban da fuska. Na ce dama ni ma abin da na yanke ke nan.

Wanda ya zo ɗauka wani dattijo ne daga Maradi, mai furfura a gemu, shi ne kuma mai kula da na'urorin duk yankin. Mushe muke ce masa, wato malam da faransanci. Tsakar gidana ya burge shi. Ya ce a bar kaji su yi ta yawonsu, a bar hayaƙin murhu, a bar inuwar dogonyaro tana rawa a kan tabarma. Ya ɗauki kamara a hannu yana kewaya ni ta baya. Ni kuma na fara kamar yadda zan fara da kowace baƙuwa: na yi sallama, na tambayi kwana da gajiya da gida da yara, ina ɗan dakatawa bayan kowace, domin bakina bai iya gaisuwa ba tare da jiran amsa ba. Sannan na yi bisimilla na ɗauki ludayi. Minti bakwai abin ya ci. Da ya nuna mini a kwamfutarsa, har sai da na ji kunyar kyawun gidana.

A cikin na'urar kuwa abin ya zama wani iri. Idan aka taɓa tukunya, sai gilashin ya yi baƙi, wani ɗan zobe ya kama juyawa a tsakiya, shiru, har mutum ya karanta Fatiha sau biyu a natse kafin hoto ya fito. Da safe yakan tafi da ɗingishi. Amma lokacin bazara ne, kuma rumfar ta kwano ce. Da rana ta take, akwatin ya ɗauki zafi, sai hannuna ya sandare a sama da ludayi, muryata ta wuce gaba abinta, hoton ya yi tsalle ya tarar da ita can wajen damawa. Matan unguwa suka sami abin tsokana. Wata ta ce mini, "Tanti, yau ma hannunki ya ƙage, ko mu kawo man zafi?"

Na yi dariya tare da su har ranar da wata Buzuwa ta zo daga wajen Tagriss da ɗanta a kafaɗa, wuyansa kamar sillen kara. Hausarta kaɗan ce, hannuna take kallo, ba maganata take bi ba. Ta ga an zuba garin gero. Hoton ya tsaya. Da ya dawo, ana damawa. Waken da gyaɗar duk sun faɗa cikin tsallen. Ta gyara mayafinta ta juya, don a ganinta kunun da ta sani ne aka tara mata mutane a kai. Na bi ta har bakin ƙofa, na yi mata bayani da hannu da ƴan kalmomin da muka haɗu a kansu. Ta gane. Amma ni kwana biyu nake zuwa a sati, na'urar kuwa kullum tana nan.

Da Mushe ya dawo zagaye, majo ta kai ƙara. Ya buɗe bayan akwatin, ya duba, ya ce bidiyon ya yi wa na'urar nauyi, ƙaramin inji ne a ciki. Nan take ya zauna da kwamfutarsa ya datse shi ya koma minti biyu. Gaisuwar ce ta fara tafiya, duka, har da bisimillar. Ya ce na'urar tana riƙe adadin waɗanda suka kalla har ƙarshe, kuma bidiyona ne a ƙasan kowa. Idan zuwa kasuwa mai zuwa bai gyaru ba, zai cire shi ya sa wani zane mai motsi da aka yi a babban birni. Na ga zanen a kwamfutarsa. Wata mata ce mai siririn hanci tana awo da kofin gilashi mai layi-layi, tana zuba madarar gwangwani. Babu macen da na sani daga nan har Ɗan Gulbi da take da irin wannan kofin.

Ranar na bar shi ya tafi. Amma safiya uku a jere na je na zauna a benci kusa da akwatin, ba ranar awo ba, ba don komai ba sai don in ga abin da mata ke yi da shi.

A safiya ta biyu wata tsohuwa ta zo daga Ɗan Gulbi da jikarta a goye. Ta tsaya gaban na'urar, ta gyara tsayuwa, ta ce, "Salamu alaikum," sannan ta taɓa tukunya. Gilashi ya yi baƙi, zobe ya kama juyawa. Ta jira kaɗan. Ta sake sallama, ta sake taɓawa, sai na ga zoben ya koma farko. Ta yi ta uku. Daga nan ta ja da baya ta nufi benci.

Na ce, "Inna, da kin ƙara haƙuri kaɗan, yana zuwa."

Ta ce, "Ɗiyata, sallama uku na yi. Masu gidan ba su son baƙi. In tsaya mi?"

Sai na gane. Abin da aka koya mana ke nan tun muna ƙanana, kuma shi nake koya wa ƴaƴana: ka nemi izini sau uku, in ba a amsa ba ka koma. Na ci gaba da kallo. Ba duka ne suke furta sallamar ba, ƴan mata sukan yi shiru, amma kusan duka sau uku suke taɓawa su bari. Kuma kowace taɓawa tana mayar da aikin na'urar farko, ta yadda mai ladabi ba za ta taɓa ganin komai ba. Sai marar haƙuri da ta taɓa sau ɗaya ta juya tana hira, ita ce hoto ke fito wa.

Na lallashi tsohuwar ta dawo, na taɓa mata sau ɗaya, na riƙe hannunta har hoton ya zo. Muryata ta faɗo mata ba sallama ba komai: "Ki auni ludayi biyu na garin gero."

Ta dube ni ta ce, "Wagga ɗiyar wane gida ce? Ba a koya mata gaida mutane ba?"

Ban gaya mata ni ce ba. Na koma gida na kasa cin abincin rana.

Mushe ya dawo ana gobe kasuwa, da zanensa a shirye cikin kile, ƴar ma'ajiyar kwamfuta da yake ratayawa a wuya. Na tare shi a rumfa, majo tana tsaye a ƙofar ofishinta. Na gaya masa abin da na gani, na ce a mayar da gaisuwar, kuma ita za ta fara fitowa da zarar an taɓa.

Ya yi murmushi irin na wanda ya gaji. Ya ce, "Hajiya, na'ura ba zaure ba ce."

Na ce, "Su ba su san haka ba, Mushe. Kuma su ka kafa wa ita."

Ya ce, "A wajen horo an gaya mana, in ba ka shiga magana cikin daƙiƙa biyar ba, mai kallo ya tafi. Ke kuma kina son ina kwana, ina gajiya, ina awaki, ina surukai."

Na ce, "Ban tambayi awaki ba, amma ka tuna mini. Waɗanda suka horar da kai sun taɓa zama a bencin ga?"

Majo ta rufe baki da fayil tana ɓoye dariya. Shi kuwa ya ce maganar nauyi ce, ba ta ladabi ba, duk abin da aka ƙara nauyi ne.

A nan ne na tambaye shi abin da ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Ƙanena yana Agadas, kullum muna aika wa juna saƙo a waya. Ko rezo, wato layin sadarwa, ya yi rauni, saƙon murya yakan wuce nan da nan, komai tsawonsa. Amma in ya aiko bidiyon ƴarsa tana tatata, sai in wuni ina jira. Na ce, "To wanne ne mai nauyin, murya ko hoto?"

Ya ce hoto, mana. Kuma da yake mutum ne mai son a san ya san aikinsa, sai ya ci gaba da kansa: duk abin da ke motsi a hoto sai na'urar ta sake zana shi, ganye, hayaƙi, inuwa, balle in kamarar kanta tana yawo. Abin da ke tsaye wuri ɗaya ba ya wahalar da ita.

Na ce, "Ashe kajina ne masu nauyi, da dogonyaron da ka ce a bari. Ka bar su, ka yanke sallamata."

Bai ji daɗin wannan ba. Ya ce shi aka koya wa aikin, ba shi da lokacin sake ɗauka, motarsu za ta wuce Kornaka bayan azahar, kuma ofis ya riga ya amince da zanen. Ya juya zai buɗe bayan akwatin.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, a gidanmu ma an san ni da saurin kuka. Amma na tuna takardar da ya ba ni na sa wa hannu ranar ɗauka. Shi yana tsammanin hannu kawai na sa, ni kuwa na karanta ta tun daga sama har ƙasa. Akwai layin da ya ce ina da ikon janye muryata duk ranar da na ga dama. Kuma ba a tukunya kaɗai muryata take ba. Ranar ɗaukar ya roƙe ni na karanta masa Hausar bidiyon gidan sauro da na mace mai ciki, don wadda suka zo da ita ba a gane ta a nan.

Na ce, "Shi ke nan, sa zanenka. Amma ka cire muryata daga sauran biyun ma, yau ɗin nan. Ba zan bar ta a akwatin da ke ƙin amsa sallamar tsofaffi ba."

Ya dubi majo. Ta ce, "Kada ka dube ni, Mushe. Takardarku ce, ni ban rubuta ta ba."

Ya ajiye sukudireban da ke hannunsa. Sannan ya ce wa direba ya tafi Kornaka ya dawo ya ɗauke shi gobe.

A bayan likita muka sake ɗauka, jikin katangar ƙasa inda babu ganye ko ɗaya. Na aika gida aka kawo tukunya da garina. Ya kafa kamara a kan ƙafafunta uku, na ce kada ya taɓa ta, ya ce shi ma ya sani. Tabarma ɗaya, farin faranti don a bambance garin gero da na wake da na gyaɗa, sai hannuwana. Kowane ludayi na ɗaga shi na riƙe cik na numfashi biyu kafin in zuba, don ko hoton ya ƙage, ya ƙage a kan abin da ake so a gani. Wannan dabarar ta burge shi, ko da yake bai faɗa ba, sai dai ya ce in maimaita na waken. Ya rage kaifin hoton har saƙar tabarmar ta daina fitowa sosai. Ban damu ba, ba tabarma muke koyarwa ba.

Gaisuwar kuma daban ya ɗauke ta, murya zalla, da hoto guda tsayayye na hannuna a kan murfin tukunya. Ya shirya ta yadda za ta fito da an taɓa, bidiyon kuma ya yi ta shirinsa a bayanta, kuma ko an sake taɓawa ba zai koma farko ba. A kan tazarar da nake bari ne muka sake yin faɗa. Ya ce shirun ya yi yawa, zai matse shi. Na kira majo na ce ta amsa mini kamar yadda matan ƙauye ke amsawa, ba irin amsarta ta ƴan ofis ba. Ta ja "lafiya lau" ɗinta har da "alhamdu lillahi", na ce to ga awon, kada a rage ko kaɗan. Ya ce, "Allah ya ba maigidanki haƙuri." Na ce amin, yana da shi.

Washegari kasuwa ta ci, rumfa ta cika da matan ƙauyuka da suka haɗa cefane da awo. Mushe ya ce ba zai yarda da gwajin safe ba, sai rana ta take akwatin ya yi zafi. Muka jira. Ya zauna a gefe da agogonsa a tafin hannu. Ni na zauna can ƙarshen benci, na ja mayafi, ina ta salati a zuci, don idan ya ƙage yau ba ni da sauran abin faɗa.

Wata mata ce ta fara zuwa, mai matsakaicin shekaru, ƙafafunta duk yashin hanya, da tagwaye, ɗaya a goye ɗaya a hannu. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa ta taɓa tukunya.

"Wa alaikumus salam, maraba da ke. Ina kwana?"

Ta ɗan zabura, ta waiwaya ta ga ko wani ke mata wasa. Sannan ta ce, "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina gida, ina yara?"

Ta gyara goyonta ta ce, "To, ga su nan dai. Ɗayan ne ba ya cin abinci."

Hannunta bai koma kan gilashin ba, tana can tana amsawa. Kafin ta rufe baki muryata ta yi bisimilla, farantin ya fito. Sau ɗaya hoton ya ɗan ƙage, a kan ludayin wake yana tsaye cike, sannan ya ci gaba. Ta kalla har aka sauke tukunya. Mata biyu da ke bayanta suka matso, ɗaya tana cewa a bar ta ita ma ta gaisa da matar.

Mai tagwayen ba ta tafi ba. Ta sunkuya kusa da gilashin ta ce, "To in babu gero fa, dawa ta yi?"

Na'urar ta koma kan hotunanta huɗu. Na ce daga benci, "Ta yi, ƴar'uwa, ki dai tankaɗe ta da kyau." Ta juyo ta dube ni, ta dubi akwatin, ta sake dubana. Ta ce, "Muryarku ɗaya." Na ce haka mutane ke faɗi.

Mushe ya zauna har mata bakwai ko takwas suka wuce, sannan ya mayar da agogonsa a hannu, ya cusa kilen cikin riga. Bai ce na yi gaskiya ba. Cewa ya yi tukunyar za ta zauna, kuma yana son in ba shi gaisuwar nan ya sa a gaban sauran bidiyon uku, har da na'urorin Kornaka da Tagriss.

Na ce na Kornaka ya ɗauka. Na Tagriss kuwa ban yarda ba. Matan can da Buzanci da Fillanci suke sallama, a nemo mace a cikinsu ta amsa musu da harshensu, ta bar tazarar da ta san suna bukata. Ya ce wannan wani sabon aiki ne, sai ya rubuta wa ofis, kuma ofis ba ya son sabon aiki. Na ce ya rubuta, in yana so ma in duba masa faransancin.

Direba ya yi oda a waje. Ya ɗauki jakarsa ya fita yana girgiza kai, ni kuma na tashi na karɓi ɗaya daga cikin tagwayen, don layin awo ya kai kan uwarsu.